Wane Odiyo Ya Dace Da Mai Son Koyon Tsara Aikinsa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin matasanmu na Kano, musamman ɗaliban jami'a, ƙananan ma'aikata da yaran shago masu shirin tsayawa da ƙafarsu. Ita ce tara odiyo na koyon tsara lokaci da tsara aiki. Za ka ga matashi a cikin adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata, iyafis a kunne, yana jin wani Bature na bayanin yadda ake cin moriyar yini. Wayarsa cike take da irin waɗannan, wasu abokai suka tura masa ta Xender, wasu ya kwaso a WhatsApp, wasu ya biya masu tura waƙoƙi suka zuba masa a memori. Amma ka tambaye shi me zai fara yi gobe da safe, sai ka ji, "To, abubuwan ne da yawa." Niyyarsa ba ta da laifi. Zaɓin abin saurare ne ya ɓaci tun farko, kuma a kansa nake son in yi bayani.

Kafin a kai ga odiyo, sai mutum ya san ciwon da yake nema wa magani, domin hanyoyin nan ba abu ɗaya suke gyarawa ba. Wanda matsalarsa ita ce ba ya iya zama a kan littafi na rabin awa ba tare da ya ɗauki waya ba, hanyar Pomodoro ce tasa. Wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980: ka saita agogo minti 25, ka yi aiki ɗaya tak, ka huta minti 5, bayan zagaye huɗu ka yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Shi ke nan, na gama koya maka ita a jimla ɗaya. Duk wanda ya ba ka odiyon awa uku a kan wannan, lokacinka yake ci. Haka ma akwatuna huɗun nan da Stephen Covey ya shahara da su a littafinsa na 1989, inda ake raba ayyuka tsakanin mai muhimmanci da mai gaggawa. Zane ne na layi biyu da suka gitta juna, wanda biro da bayan takardar rasit sun fi kowace murya iya nuna shi.

Wadda ta cancanci doguwar saurare ita ce hanyar David Allen, Ba'amurke, wadda ya shimfiɗa a littafinsa Getting Things Done na 2001, ya kuma sake gyara shi a 2015. Ita ce ta mutumin da buƙatu ke zubo masa ta ko'ina: maigida ya aike shi kasuwar Singa, kwastoma ya kira a kan kayan da ba su iso ba, Hajiya ta ce a duba mata kuɗin makarantar ƙanne, ga ta'aziyya a Fagge ba a je ba. Mai shago a Kantin Kwari ba zai iya ce wa mai saye ya jira agogonsa na minti 25 ya buga ba, amma zai iya amfani da hanyar Allen. Saboda tana da matakai masu hawa kan juna, a nan ne zaɓin odiyo yake da tasiri, kuma a kanta mafi yawan bayanina zai tsaya.

Matakan biyar ne. Na farko, ka kwashe duk abin da ke damun kanka ka zuba shi a takarda. Na biyu, ka ɗauki kowane ɗaya ka tambayi kanka mene ne shi, kuma akwai abin yi a kansa ko babu. Na uku, ka ajiye kowane a gurbinsa. Na huɗu, ka riƙa bita, musamman bitar mako. Na biyar, ka aikata. Na kawo su ne domin su zama ma'auni. Odiyon da ya ce yana koyar da wannan hanya amma bai bi ta kan duka biyar ɗin a jere ba, guntu ne, ko da muryar mai maganar ta fi zuma daɗi.

Abin da ke yawo a wayoyin mutane iri-iri ne, kuma a fuska duk kama suke yi da juna. Akwai cikakken karatun littafin, daga bango zuwa bango. Akwai taƙaitaccen karatu, wanda kamfanin buga littafin da kansa ya datse. Akwai ɗaukar taron bita, inda malamin ke magana gaban jama'a. Akwai hirarraki, irin shirye-shiryen intanet da ake kira fodkas. Akwai taƙaitawar minti goma sha biyar da wasu manhajoji da masu YouTube ke yi. Sai kuma na ƙarshe, wanda ya fi kowane yawa a memorin matasa: jawabin zaburarwa, kiɗa na tashi a ƙasa, mutum na ihu cewa ka tashi ƙarfe huɗu na asuba. Wannan na ƙarshen mu sallame shi tun yanzu. Mutumin Kano da ladan ke tayarwa kullum ba ya buƙatar wani daga Amurka ya gaya masa falalar sammako. Zafin da jawabin ke sa wa a ƙirji kafin azahar ya huce, kuma ba ya barin komai a takarda.

Ga mai farawa, cikakken karatu shi ne zaɓi, sauran duk na bayansa ne. Dalilin lissafi ne. Mai karanta littafi a bayyane yakan yi kalma kusan 150 a minti, wato kalma 9,000 a awa. Littafi mai kalma 90,000 zai ci awa goma. Taƙaitawar minti 15 kashi ɗaya ce cikin arba'in na wannan. Me ake zubarwa don a kai ga haka? Ba ka'idojin ba, domin su ne masu daɗin faɗa. Abin da ake zubarwa shi ne misalai da bayanin yadda hannu zai yi aikin: irin takardar da za ka tanada, yadda za ka yi da abin da ba ka san inda za ka sa shi ba, abin da za ka yi idan jerin ya yi tsawo har ya ba ka tsoro. Sai mai saurare ya fito ya haddace sunayen matakai biyar, yana iya yin wa'azinsu a majalisa, amma bai taɓa zama ya yi ko na farko ba.

Mu nan muna da misalin wannan a gida. Ɗalibin zaure ba ya fara fiƙihu da Risala. Ahalari yake farawa da shi, ya wuce Ishmawi, ya shiga Iziyya, kuma a gaban malami ɗaya, baƙi bayan baƙi, ba tsallake. Ba wanda zai ji guntun karatu daga malamai bakwai a kaset bakwai ya ce ya sauke littafi. Hirarraki da ɗaukar taro suna kama da tattaunawar manyan ɗalibai bayan an tashi daga karatu. Akwai amfani a ciki sosai, amma ga wanda ya riga ya san matanin. A hira za ka ji suna cewa "bitar mako ta kuɓuce mini" ko "jerin jirana ya cika", ba wanda zai tsaya ya fassara maka, domin sun ɗauka ka sani. Ka ajiye su sai ka yi wata biyu kana aiki da hanyar, lokacin da tambayoyinka suka zama na wanda ya gwada ya ci karo da matsala. Ɗaukar taro kuma tana da nata aibin: malamin zai ce "ku dubi wannan akwatin na hagu", jama'a su yi dariya, kai kuwa ba allon a gabanka.

Wannan ya kawo ni ga babban raunin odiyo, wanda ko cikakken karatu bai tsira daga gare shi ba. Zuciyar hanyar Allen wani zane ne mai rassa, kuma kunne ba ya ganin zane. Don haka kafin ka fara saurare, ka zana shi da hannunka a shafin farko na littafin rubutunka. A sama ka rubuta: mene ne wannan? A ƙasansa: akwai abin yi? Idan babu, hanya uku ce: a zubar, a ajiye a jerin "wata rana", ko a adana don tuntuɓa. Idan akwai, sai tambaya ta gaba: mene ne mataki na gaba? In bai wuce minti biyu ba, yi shi nan take. In ya wuce, ko ka miƙa wa wani ka rubuta a jerin "ina jira", ko ka ajiye wa kanka a jerin ayyuka, ko a kalanda idan yana da rana tsayayya. Abin da kuma yake buƙatar mataki fiye da ɗaya, sunansa ya shiga jerin manyan ayyuka. Da wannan shafi a gabanka, babin da zai rikita ka a kunne sai ya zama kamar ana karanta maka taswirar unguwarku.

Bari in nuna abin da nake nufi da mataki na gaba, domin shi ne gwajin da za ka yi wa kowane odiyo. Ɗauki tela a Kofar Wambai, saura mako uku sallah. A kansa akwai "ɗinkin Alhaji". Wannan ba aiki ba ne, damuwa ce. In ya tambayi kansa me ya hana ɗinkin tafiya, sai ya ga ba a kai wuyan wajen mai aiki ba. Me ya sa? Ba a sayo zare ba. Me ya sa? Alhaji bai faɗi kalar da yake so ba. Ashe mataki na gaba shi ne ya ɗauki hoton zare kala uku ya tura wa Alhaji, abin da bai kai minti biyu ba, amma ya tsare shadda yadi goma a kan tebur har kwana tara. Odiyo nagari zai sa ka dakata ka yi wa wani aikinka irin wannan tonon. To ga gwajin: ka saurari minti goma daga tsakiyar odiyon, ba daga farko ba, domin farko kowa ya iya gyara shi. Ka kashe. Ka tambayi kanka, an ce in yi wani abu da hannuna? In amsar ita ce an dai ce ka zama mai himma, goge shi ka huta.

Sai a kula da bugun da aka karanta. Tsohon bugu na 2001 da sabo na 2015 hanya ɗaya suke koyarwa, amma an sauya sunayen matakai huɗu daga cikin biyar. Misali, mataki na farko da tsohon ya kira collect, sabon capture yake ce masa, mataki na biyu kuma daga process ya koma clarify. Wanda ya haɗa babi uku na tsohon da babi huɗu na sabon, kamar yadda yakan faru idan an kwaso fayiloli daga wurare dabam-dabam, zai ɗauka matakan sun kai tara. Tsohon kuma yana yawan maganar kayan ofis na zamaninsa da yanzu sai a gidan tarihi. Ba laifi ba ne a saurare shi in shi ya samu, amma a san wanne ne a hannu, kuma a tsaya a kan guda. Minti biyun farko na karatun yakan faɗi sunan littafi, mai karatu, da ko cikakke ne ko taƙaitacce. Fayil ɗin da aka yanke masa wannan gabatarwa, ka yi shakkarsa.

Maganar murya ma ba ƙarama ba ce. Turancinmu na makaranta ya fi sabawa da lafazin Ingila da na Najeriya, masu karatun nan kuwa yawancinsu Amurkawa ne masu haɗiye haruffa. Shagunan sayar da littattafan sauti na intanet, irin su Audible, suna ba da ɗanɗano na 'yan mintuna kyauta. Ka saurara, in ka ga kana komawa baya fiye da sau biyu a minti ɗaya, to ka rage gudun zuwa 0.9 ko 0.8, ko ka nemi littafin takarda ka riƙa bi da ido. Abin da ba na ba da shawara a kai shi ne muryar inji, wadda ake zuba wa rubutu ta karanta. Ana gane ta da rashin numfashi, da karanta lambar shafi da kan babi a tsakiyar jimla kamar duk magana ɗaya ce. Kunne yakan gaji da ita da wuri, hankali ya tafi wani wuri alhali sautin na ci gaba.

Yanzu ga lissafin data da memori, wanda shi ne ke hana da yawa sauke cikakken littafi, alhali bai kai yadda ake tsoro ba. Fayil ɗin MP3 da aka matse a kan kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kusan MB 29 a awa. Littafin awa goma ke nan bai kai MB 300 ba. A kan 128 ninki biyu ne, kusan MB 580, kuma ga maganar mutum ɗaya ba kiɗa, kunnenka ba zai ji bambancin da ya kai wannan kuɗin ba. A kan 32 zai sauko kusan MB 145, ana ji, amma a cikin hayaniyar titi haruffa kan narke. Saboda haka 64 ita ce tsaka-tsaki. Wannan lissafi yana kuma tona asirin fayil mai matsala: idan an ce maka babi ne na awa guda amma girmansa MB 5, ko an yanke shi, ko an matse shi har ya lalace. Ka ja shi zuwa minti na ƙarshe ka ji ko mai karatu ya rufe babin ko a tsakiyar kalma ya tsaya. Kuma kada ka riƙa kunna bidiyo a YouTube kullum don jin murya kawai. Kana biyan kuɗin hoton da ba ka kallo, allo na cin caji, ga shi ba kullum ake samun wuta ba.

Wata ƙaramar matsala mai ɓata karatu gaba ɗaya ita ce jerin fayiloli. Manhajoji da yawa suna jera suna ne harafi bayan harafi, ba lamba bayan lamba ba. In an sa wa babi suna 1, 2, 3 har zuwa 15, wayar za ta kunna 1, ta bi da 10, 11, 12, sannan daga baya ta dawo 2. Mutum zai ji gabatarwa, sai kawai ya tsinci kansa a ƙarshen littafi, ya ce abin ba shi da kan gado. Maganinta minti biyar ne: ka sauya sunayen zuwa 01, 02, 03, ka zuba su a folda guda da ba komai a cikinta sai su. Kada ka bar su a cikin WhatsApp, domin ranar da waya ta cika aka shiga share-share, da su za a tafi. Kada kuma ka kunna su da manhajar waƙa, wadda ba ta riƙe inda ka tsaya kuma tana iya cakuɗa maka su da ƙasidu. Manhajar VLC kyauta ce, tana rage gudu da ƙara shi. Manhajojin da aka yi musamman don littafin sauti, irin Smart AudioBook Player, sun fi, domin suna tuna daƙiƙar da ka tsaya kuma suna barin ka sa alama. In ka samu fayil nau'in M4B, shi yana zuwa da babukansa a rabe a ciki. Memori kuma a saya a hannun wanda aka sani. Na jabu yakan nuna girman da ba shi da shi, ya karɓi fayil lafiya lau, sai an zo kunnawa a tarar da rabi ba ya buɗuwa. Araha ba ta ado.

A kan inda ake samowa, gaskiya ɗaya ce: littafin da ake sayarwa haƙƙin mai shi ne, kuma yawancin abin da ake turawa kyauta kwafin sata ne. Ban da nauyin haƙƙi, su ne kuma suka fi zuwa a yanke ko a cakuɗe. Wanda kuɗin dala ya yi wa nauyi yana da mafita. Kamfanin Allen yana da fodkas na kyauta. Littafin takarda kuma mutum uku za su iya haɗa kuɗi su saya, su riƙa karɓa-karɓa. Shafin intanet na LibriVox ma yana nan, inda 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙinsu ya ƙare, kyauta kuma halal, sai dai ba za ka sami sababbin hanyoyin nan a can ba.

To an samu odiyo nagari, yaya za a saurare shi? Littafin Allen kashi uku ne. Kashi na farko bayani ne na gaba ɗaya, wannan ka ji shi a adaidaita, ko kana guga, ko kana jiran layi a banki. Kashi na biyu shi ne na aiki, kuma ba a jin sa a tafe. Yana buƙatar tabarma ko tebur, littafin rubutu mai shafi 60 ko 80, biro, da takardu warwara. Minti 20 a rana ya isa, bayan asuba ko bayan isha'i, kuma a haka littafin awa goma zai ɗauke ka kwana 30. Duk inda mai karatu ya ce a yi abu, ka dakatar, ka yi, sannan ka ci gaba. Kada ka shiga babin tantancewa, wato mataki na biyu, alhali ba ka yi kwashewar ba, domin ba ka da abin da za ka tantance. Masu ƙara gudu zuwa 1.5 suna murna sun gama awa goma a awa shida da minti arba'in. Sun gama ji, ba su fara koyo ba. Gudun 1.25 ya dace da bita ta biyu, ba ta farko ba.

Akwai wuri guda da odiyo ya fi takarda, kuma saboda shi kaɗai ya cancanci a neme shi. A babin kwashewa akwai dogon jerin abubuwan tunatarwa, ana ambato ɗaya bayan ɗaya domin su tono maka abin da ka manta. In ana karanto maka su kana rubutu, hannunka da idonka suna kan takarda, abubuwa sai su yi ta fitowa. Ka dakata bayan kowane layi, kowane abu a takardarsa ko a layinsa. Kada ka firgita in sun haura ɗari. Sai dai jerin na rayuwar Ba'amurke ne, don haka ka ƙara naka: adashi, bashin da ake binka da wanda kake bi, biki da suna da ta'aziyyar da ba ka je ba, kuɗin Islamiyya, takin gona, gyaran janareta, cefanen azumi, alkawarin da ka yi wa surukai. Ka ɗauki wannan jeri da muryarka a waya, da Hausa, kana barin shiru na daƙiƙa goma tsakanin kowane biyu. Wannan odiyo na minti biyar zai fi yi maka aiki duk mako fiye da rabin abin da ke cikin memorinka.

Haka za ka yi wa sauran shawarwarin, ka juya su su dace da garinmu. Allen ya ba da shawarar a ware kusan awa biyu don bitar mako da farkon yammacin ranar aiki ta ƙarshe, wato Juma'a a wurinsu. A nan lokacin masallaci ne da ziyarar 'yan'uwa. Daren Alhamis ko safiyar Asabar sun fi, ɗan kasuwa kuma ya duba ranar da ciniki ya fi sanyi. Yana kuma raba ayyuka bisa wurin da za a iya yin su, kamar ofis, gida, waya. Namu rabon zai fi kyau da "idan an kawo wuta", "idan akwai data", "idan na shiga Sabon Gari", "idan na ga maigida". Mai jerin "idan an kawo wuta" ba ya ɓata rabin awar farko yana tunanin me zai fara, guga ko caji ko buga takarda a kwamfuta.

Gargaɗi ɗaya da ba na so in tsallake. Mai tuƙa babur ko adaidaita ko mota kada ya toshe kunnuwansa biyu da sunan neman ilimi. Fasinja ma ya kula, hayaniyar Kofar Nassarawa ko 'Yankura takan sa mutum ya ƙure ƙarar waya bai sani ba. Shawarar masana lafiyar kunne ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar na'ura. In a haka ba ka ji, wurin ne bai dace da saurare ba.

Saura masu yin bayanin waɗannan hanyoyi da Hausa, waɗanda suka fara yawa, kuma abin farin ciki ne, domin yaron shago da bai yi nisa a boko ba shi ma yana da kai cike da saƙonni. Ma'aunin bai sauya ba. Ya faɗi hanyar wa yake koyarwa da inda ya samo ta? Ya jera darussan da lamba? Misalansa na Kurmi da Dawanau ne, ko fassara ce kawai ta rayuwar wani manaja a Amurka? Kowane darasi yana ƙarewa da aikin da za a yi kafin na gaba? Wanda ya cakuɗa Pomodoro da akwatunan Covey da matakan Allen a saƙon murya ɗaya na minti bakwai, sannan ya rufe da tallan ajinsa na kuɗi, talla ya yi maka. Roƙona ga masu wannan ƙoƙari, da gidajen rediyonmu in za su shiga, shi ne su ɗauki hanya ɗaya, su raba ta darasi goma ko goma sha biyu na minti 15, su faɗi lambar darasi da bakinsu a farkon kowane ɗaya saboda ko sunan fayil ya ɓace a wajen turawa, su ɗauka a ɗaki mai labule ba kusa da janareta ba, su fitar da shi a MP3 mai kilobit 64, sannan su haɗa da hoton zanen nan mai rassa, an rubuta shi da Hausa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.